Kafin a yi guɗar ayyukan kwamfuta daga ƙetare, a ji ta bakin ɗan kwangila

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da jinjina ga ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon a ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan zancen da ake ta yayatawa tun watan Maris na 2024, lokacin da Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya je Gombe ya ƙaddamar da shirin janyo kamfanonin ƙetare su riƙa ba matasanmu aikin kwamfuta suna yi daga nan gida. Ga kuma shirin Minista Bosun Tijani na horas da mutum miliyan 3 a fannin fasahar zamani. Ba na adawa da ko ɗaya. Sai dai wannan tuwon da ake wa kallon sabo, ni na ci shi tun kafin a canza masa suna.

An ɗauke ni aiki a sashen kwamfuta na wani banki jim kaɗan bayan haɗe bankunan da aka yi a 2005, lokacin da 89 suka koma 25. Mu shida ke kula da rassan yankinmu. In ATM ta haɗiye katin Alhaji ana gobe Sallah, mu za a kira. In netwok ya ɗauke ranar biyan albashi, layi ya fito har bakin titi, mu ne dai. Na san reshen da ɓeraye ke cinye wa wayoyi duk damina. Na san wanda sai an kashe na'urar sanyaya ofishin manaja kafin janareta ya iya ɗaukar ɗakin manyan kwamfutoci. Babu littafin da aka rubuta waɗannan, a kanmu suke.

Wata Alhamis aka kira mu taro. Wata baiwar Allah ta zo daga hedikwata da tarin takardu, tana murmushi ta ce mu kwantar da hankalinmu, ba korarmu aka yi ba, miƙa mu aka yi ga wani kamfani wanda daga yau shi zai riƙa yi wa banki aikin kwamfuta. Ranar Litinin na dawo na tarar da kujerata, teburina, har kofin shayina yana inda na bar shi. Igiyar katin wuyana ce ta tashi daga shuɗiya ta koma ruwan toka. Albashi ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, katin asibitin iyali ya daina aiki, takardar aiki ta koma ta shekara-shekara. A bakin ƙofa mai gadin da muka yi shekaru muna gaisawa ya sunkuyar da kai ya ce, "Oga, ka yi haƙuri, an ce 'yan kwangila su riƙa sa hannu a littafin baƙi." Na karɓi biro na sa. Shi ma ɗan kwangilar ne, ya riga ni shiga da daɗewa, kuma ban taɓa tambayarsa yadda yake fama ba sai ranar.

A ƙauyenmu muna da sunan wannan tsari, jinga. Mai gona ya kira mutum, ka nome min daga nan zuwa gindin ɗorawar can, ga abin da zan ba ka. Babu laifi a ciki. Amma a jinga mai gona da mai fartanya ne ke ciniki ido da ido. A tamu jingar akwai na uku a tsakiya. Wata rana an turo min saƙon gyaran firinta, ashe an haɗo da takardar abin da banki ke biyan kamfanin a kan kowannenmu. Abin da ke shiga aljihuna bai kai rabi ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Kuma kada a ɗauka bankin ya ci riba ta ko'ina. A da manaja waya kawai zai ɗaga, in hau babur in zo. Bayan miƙa mu sai aka ce komai sai an buɗe masa tikiti, wato a shigar da ƙorafin a rubuce a jira amsa. Tikitin ya tafi Legas, daga Legas in abin ya shafi babbar manhaja ya wuce Indiya. Akwai ranar da reshe guda ya tsaya cik tun hantsi har bayan La'asar a kan matsalar da na sha gyarawa cikin minti goma, amma an karɓe lambar sirrin daga hannuna, don ni yanzu baƙo ne. Ina zaune ina kallon wata dattijuwa da ta zo karɓar fanshon mijinta, ta shimfiɗa mayafinta a kan tayil ta yi Azahar, ta sake yin La'asar a wurin. Manaja yana kallona, ina kallonsa.

Ban ga laifin yaron da ke amsa mana daga birnin Bangalore na Indiya ba. Mutumin kirki ne, ya san aikinsa, kuma sau da yawa dare ya riga ya yi a wurinsu yana nan yana fama da mu. Hasali ma labarin ƙasarsu shi ne abin da nake so masu shirya mana wannan tafiya su karanta da kyau. Injiniyoyi bakwai ne suka kafa kamfanin kwamfuta na Infosys a 1981 da jarin da bai wuce dala 250 ba. Da shekarar 2000 ta gabato, ana tsoron kwamfutocin duniya za su rikice saboda lambobi biyu kacal suke ajiyewa na shekara, Turawa suka kwashi aikin gyaran suka kai Indiya don can ne hannu ke da yawa kuma da araha. Jinga ce tsantsa. Amma ba su tsaya a nan ba. Finacle da Flexcube, manhajojin da bankunanmu da dama ke tafiya a kansu yau, duk a Indiya aka ƙera su. Ɗan jinga ya tara ya sayi gonarsa, har mu muke masa noma.

Wanda bai sayi gona ba kuwa, yana ji yana gani aikin zai wuce shi. A 2015 kamfanin Disney a Amurka ya sallami ma'aikatan kwamfuta kimanin 250, aka sa wasunsu koya wa waɗanda za su gaje su aiki kafin su karɓi kuɗin sallama. Da na karanta labarin sai da na ajiye wayar, don ni ma an sa ni na rubuta duk abin da na sani a cikin wani fayil kafin a ƙi sabunta min takarda. Indiyar ma ba ta tsira ba: aikin amsa kiran abokan ciniki da ta yi suna a kai, Filifin ta zo ta sha gabanta. A nan gida, Andela da aka kafa a Legas a 2014 don horas da matasa a haɗa su da kamfanonin waje, a watan Satumba na 2019 ta sanar da rabuwa da ƙananan injiniyoyi kimanin 420 a Najeriya da Kenya da Yuganda, don masu ba da aikin ƙwararru suke nema. A Kenya kuma mujallar Time ta bankaɗo a Janairun 2023 cewa matasan da ke tace munanan rubuce-rubuce don horas da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ChatGPT ba sa samun ko dala 2 a awa. Abin da araha ta kawo, araha ce ke zuwa ta ɗauke shi, yanzu ma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo layi, ita ko albashi ba ta nema.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai 'yar ƙanena ce. Ta gama digiri a fannin kwamfuta, ta shekara biyu a gida, sannan ta samu aikin amsa koke-koken masu sayayya na wani kanti a Amurka, ta hannun wani kamfani a nan. Daga bayan Isha'i har Asuba take aiki, da na'ura a kunne, tana rage murya kada ta tashi ƙannenta. Ita ke sayen data, ita ta ci bashi ta sa batirin sola. Kantin da dala yake biya, ita da naira ake ba ta. Ranar 14 ga Maris 2024, a cikin watan da aka yi bikin Gombe, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Kwanakin da ba ta iya shiga aiki ba duk an zaftare mata su. Na ce ta nuna min takardar ɗaukar aiki, sai ta nuna min saƙon WhatsApp. Da na fara faɗa ta ce, "Baffa, da babu gara ba daɗi." Gaskiyarta. Ba zan ce ta bari ba, don ba ni da wani aikin da zan ba ta.

Amma doka tana nan. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Dokar Fansho ta 2014 ta ce mai ba da aiki ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Matsalar ita ce in ka je neman haƙƙinka, banki ya ce kai ba nasa ba ne, kamfanin kuma ka tarar ya canza suna da ofis. Fanshona na wata goma sha huɗu haka ya bi ruwa, ana cirewa a takardar albashi ba a zubawa. Roƙona ga 'yan majalisarmu shi ne a ɗaure mai gona da ɗan tsakiya da igiya ɗaya: in ɗan tsakiya ya gudu da haƙƙin ma'aikaci, wanda aka yi wa aikin ya biya. Sannan duk kamfanin da gwamnati za ta ba gini ko rangwamen haraji da sunan samar da aiki, a daina ƙirga mana mutum nawa ya ɗauka ranar yanke kyalle. A dawo bayan shekara biyu a faɗa mana nawa suka rage, kuma nawa ne suka tashi daga amsa waya suka koma rubuta manhaja.

Ni yanzu ina da ɗan shagona na gyaran kwamfuta da sa kyamarorin tsaro, alhamdulillahi ana samun na cefane. A daminar da ta wuce wani yaro ya kira ni, ya gaishe ni da ladabi, ya ce shi ne ke kan kujerata yanzu, na huɗu tun bayan tafiyata. Wai reshen nan netwok ɗinsa yana ta ɗaukewa, an buɗe tikiti har sau tara ba a gano komai ba. Na ce ya nemi tsani ya buɗe silin ɗin da ke saman banɗakin ma'aikata, ya kuma tafi da maganin ɓera.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin banki,
daga Kaduna.