Sanarwa kan riƙon yara tsakaninmu

Assalamu alaikum ƴan uwa mata na wannan rukuni, musamman mu da ke zaune a Ingila. Tambaya ta yi yawa kan yadda muke barin wa juna yara idan za mu aiki, ga bayani.

A 2009 hukumar Ofsted, mai sa ido kan makarantu da masu riƙon yara a Ingila, ta ce wa wasu ƴan sanda mata biyu da ke riƙe wa juna yara sun karya doka, don ba su yi rajista da ita a matsayin masu riƙon yara ba. Jama'a suka yi ca, kuma da gaskiyarsu, ina laifin maƙwabciya ta taimaki maƙwabciya? A 2010 aka gyara dokar: yau ki riƙe nawa, gobe in riƙe naki, ba kuɗi a tsakani, ba sai an yi rajista ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Idan ana biyanki ki riƙe yaro ɗan ƙasa da shekara 8 a gidanki fiye da awa 2 a rana (awa 3 idan yaron ƙawarki ne), dole ki yi rajista. Kaka, goggo da inna ba sa ciki.

Don Allah masu karɓar kuɗi ku yi rajistar. Ƴan uwa na Sikotland, tsarinku daban ne, Care Inspectorate, hukumar da ke rajistar masu riƙon yara a can, za ku tuntuɓa.