Daga Ina Marubuci Yake Samo Labari?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da matasan da suke sha'awar rubuta ƙagaggun labarai, musamman waɗanda suke kukan cewa labari ya ƙi zuwa musu.

A ganina, abin da ya yi musu ƙaranci shi ne sauraro. Wanda ba ya karanta komai sai littattafan tsararrakinsa ba zai haifar da komai ba face abin da suka riga suka haifa, shi ya sa muke ta cin karo da attajirin saurayi da 'yar talaka a littafi bayan littafi, sunaye kawai ake sauyawa. Alhali kuwa zauren kotu, da layin asibiti, da zaman rabon gado, da hirar tsofaffi, duk cike suke da mutanen da suke neman wani abu ruwa a jallo, wani abu kuma ya tare musu hanya. Daga nan labari yake tsirowa.

Magabata sun nuna mana haka. A gasar rubutu da Hukumar Fassara ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, Bello Kagara ya gina Ganɗoki a kan yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya ɗauko Shaihu Umar daga tarihin cinikin bayi. Amma abin da yake riƙe mai karatu a Shaihu Umar shi ne uwar da ta bi sawun ɗanta har ƙetaren hamada. Tarihi ya ba marubucin fage, shi kuwa ya nemo mutum guda wanda abin ya ci wa zuciya, ya bi shi.

Don haka idan marubuci ya ji wani al'amari ya tsaya masa a rai, kada ya yi gaggawar kwashe shi yadda ya faru, domin wannan rahoto ne, kuma yana iya zama tonon asirin bayin Allah. Ya tambayi kansa: wa ya fi kowa asara a nan, me ya ɓoye, kuma me zai faru da ya zaɓi wata hanya? Ya rubuta amsoshin nan take, don abin da aka bar wa ƙwaƙwalwa yakan gudu kafin gari ya waye. Sannan ya bar wa mugun cikin labarinsa hujjar da shi kansa yake ganin ta isa, domin mutumin da ba shi da komai sai mugunta ba ya gamsar da mai karatu.

Daga ƙarshe, ina roƙon jaridarku ta ware shafi ko da sau ɗaya a wata, inda gogaggun marubuta za su duba gajerun labaran masu tasowa, su nuna musu wuraren gyara.

Wassalam,
Naka mai karatu.