Mun je kallon tsuntsaye a fadama

Assalamu alaikum Edita, don Allah a ɗan ba ni fili.

Ranar Asabar na bi wasu masu kallon tsuntsaye, ni da farko dariya ma nake musu, wai mutum da girmansa ya tashi da asuba don kallon tsuntsu. To wallahi na sha mamaki. Cikin kurmi sai dai ka ji bugun maƙwaƙwafi ba ka ganinsa, amma da muka gangara fadama aka miƙo min madubin hangen nesa, sai ga zalɓe tsaye cik cikin ruwa kusan minti goma ko motsi babu, can sai caraf ya cafke kifi ya juya shi ya haɗiye ta kai. Takalmina ma ya cika da taɓo ban sani ba.

Jagoranmu ya ce wasu ƙananan tsuntsayen daga Turai suke ƙetaro Sahara duk shekara su yi hunturu a irin wannan ruwa, shi ya sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a garin Ramsar na Iran a 1971 don kare fadamu. Abin da ya ɓata min rai ledoji ne birjik a bakin ruwan. Edita a turo wakilinku ranar 2 ga Fabrairu, ranar fadamu ta duniya, ya gani da idonsa.

Naku mai karatu.