Wasiƙa Zuwa Kumasi a Kan Karatun 'Yarmu Likita

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da jikoki. Ya jama'ar zango, ya kasuwa? Mu nan Zariya lafiya lau, sai hunturu da ya matsa mana bana.

Saƙonka ya iso. Ka ce 'yata likita ta kusa kammala horon ƙwarewa a fannin mata da haihuwa, amma ta ce ba za ta tsaya nan ba, tana so ta ƙara karatu a kan lalurorin mata da ke samun ƙananan yara da 'yan mata masu tasowa. Ka tambaye ni me ya haɗa yarinya 'yar shekara biyar da likitan mata, ka ce in gaya maka gaskiya tsakanina da Allah. To Alhaji, ka sa mata albarka ta je.

Abin da na gani a tsawon aikina shi ne yarinya mace ba ta da takamaiman likita idan matsalar ta shafi gabanta. Likitan yara zai ce wannan aikin likitan mata ne. Mu kuma likitocin mata, horonmu kusan duk a kan masu ciki da matan aure yake, kayan aikinmu ma don manya aka ƙera su. Sai uwa ta yi ta yawo da 'yarta daga wannan ɗaki zuwa wancan, kunya ta hana ta yin cikakken bayani, a ƙarshe ta koma kemis a ba ta maganin sanyi, ko ta nufi gidan wanzami.

Akwai yarinyar da ake haifa da tantanin budurci a toshe ruf. Ba wanda zai sani sai ta kai shekara 13 ko 14, ta fara ciwon mara kowane wata amma jini bai fita, yana taruwa a ciki har mara ta kumbura. Ka san abin da gida zai fara zargi idan cikin budurwa ya taso. An doki yara, an ci mutuncinsu a kan wannan, alhali maganinsa ɗan ƙaramin aiki ne a ɗakin tiyata. Idan kuwa aka kai ta a yi mata yankan gishiri, aska na iya taɓa mafitsara, ta koma mai yoyon fitsari tun kafin ta san ɗakin miji. Cibiyar kula da masu yoyon fitsari ta Babbar Ruga a Katsina ta karɓi irinsu.

Akwai kuma 'yar shekara shida da za a ga jini a wandonta, hankalin gida ya tashi, a fara nuna maƙwabci da yatsa, ashe bakin hanyar fitsari ne ya zazzago, lalurar da aka fi gani a yaranmu baƙaƙen fata. Wata kuma fyaɗen ne na gaskiya, amma likitan da bai iya dubawa ba ya sallame ta da man shafawa, ta koma hannun wanda ya cuce ta. Rarrabe waɗannan biyun ilimi ne da ake zama a koya. Haka idan ma'ajiyar ƙwan yarinya ta murɗe, wanda ya ƙware yakan warware ta ya bar mata abarta ko da ta yi baƙi, domin sau da yawa takan farfaɗo. Wanda bai saba ba sai ya cire, ya rage mata rabin abin da za ta haihu da shi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na yarinyar da aka halitta ba mahaifa. Ana samun ɗaya a cikin mata kusan 5,000. Ta yi ƙirgar dangi kamar sa'o'inta, jikinta ya cika, sai dai har ta wuce shekara 15 ba ta ga al'ada ba, wataƙila ma an riga an karɓi kuɗin gaisuwarta. Hoton ciki zai nuna maka abin da ke nan cikin ɗan lokaci. Amma ta yaya za ka gaya mata? Wa zai fara ji, ita ko mahaifiyarta? Me za a ce wa dangin saurayi, kuma wa ke da ikon faɗa? Kalma ɗaya da ba ta dace ba za ta bi yarinyar nan har tsufanta. A wannan horon ana koyar da yadda ake zama da yarinya ita kaɗai a saurare ta, yadda ake duba ƙaramar yarinya tana kan cinyar uwarta ba tare da an tsorata ta ba, da yadda ake aiki tare da likitocin yara da na sinadaran jiki da masu kwantar da hankali. Kuma ka san mutanenmu, uwa ta fi sakin jiki idan mace ce ke zaune a kujerar likita.

Kada ka ɗauka sabon yayi ne. Tun 1940 Farfesa Rudolf Peter ya buɗe asibitin farko na wannan fanni a birnin Prag na ƙasar Czech. A 1971 aka kafa ƙungiyar likitocin wannan fanni ta duniya, FIGIJ, wadda ke shirya jarrabawar ƙwarewa mai suna IFEPAG ga likitocin kowace ƙasa. A Amurka da Kanada suna da tasu ƙungiyar, NASPAG, tun 1986, kuma a can likita yakan ƙara shekara 2 bayan ya gama horon mata da haihuwa. Shawarata ta fara kammala jarrabawarta ta ƙarshe ta riƙe takardarta a hannu, sannan ta nemi gurbi a asibitin da ke ganin irin waɗannan yara kullum, ta kuma sa IFEPAG a gaba. Tun yanzu ta riƙa rubuta kowace yarinya da ta duba da abin da aka yi mata, za a nemi wannan.

Na fahimci damuwarka game da nisa da kuɗi da hidimar gidanta. Ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba fanni ne da ake tara dukiya da shi ba. Ku zauna da maigidanta a yi magana a fili, a nemi tallafin karatu kafin a taɓa jarinka. Abin da zan roƙa a wurinta ɗaya ne, idan ta gama ta dawo gida ta buɗe rana guda a mako ta 'yan mata zalla, ta kuma koyar da na bayanta.

Ka ce mata ta kira ni bayan sallar isha'i kowace rana ta samu sarari, zan taimaka mata da takardar shaida. A gaida Hajiya da kyau, iyalina ma suna gaishe ku. Allah Ya yi wa zuriya albarka, Ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini