Gaisuwar Babbar Sallah daga Maisur

Assalamu alaikum, Baba da Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina yi muku barka da Sallah, Allah ya karɓi ibadarmu, ya maimaita mana. Mun yi Idi lafiya a nan Maisur ta ƙasar Indiya, kuma layyar Musulmin garin ba ta wuce tumaki da awaki ba, domin dokar jihar Karnataka ta hana yanka shanu.

Baba ya tambaye ni labarin dutsen da ya fito a hoton da na aiko. Sunansa Chamundi, yana bakin gari, kuma a ƙolinsa akwai tsohon wurin bautar 'yan Hindu wanda sarakunan Maisur na gidan Wodeyar suka riƙa hidimta masa shekaru aru-aru. Mutanen nan suna cewa abar bautarsu Chamundeshwari ta kashe wani azzalumi mai suna Mahishasura, wanda daga sunansa ne aka samo sunan garin. Da na ji haka sai dutsen Dala da labarin Barbushe suka faɗo mini a rai, sai dai nan har gobe ana hawa don bauta.

Sallar bana ta faɗo a watansu na Ashada, wanda kowace Juma'a a cikinsa jama'a ke kwarara zuwa dutsen tun kafin asuba. Akwai hanyar mota, amma da yawa sun fi son bin matakala kusan 1,000 da aka sassaƙa a 1659, mafi yawansu ba takalmi. Na ga wata dattijuwa tana durƙusawa a kowace matakala tana shafa mata garin kurkum da jar hoda, har gefen duwatsun ya rine, jikarta na biye da ita riƙe da kwakwa da ayaba, tana kuma korar birai. Can sama da rabin hanya akwai gunkin wani bijimi a kwance, Nandi, da aka fitar daga dutse guda, tsayinsa ya kusa mita 5.

Inna ta kwantar da hankalinta, ban shiga cikin wurin bautar ba, kuma babu wanda ya matsa mini. Maƙwabtana masu hawan dutsen su ne suka fara yi mini barka da Sallah.

A gaida Kaka da ƙannena, na aika goron Sallah ta hannun Yaya.

Wassalamu,
Ɗanku