Takardar Koke Kan Filayen Jama'a Na Bakin Ruwan Tiga

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagacinmu da Masu Unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma da fatan alheri gare ka da iyalanka da 'yan majalisarka, mu talakawanka mazauna gaɓar madatsar ruwa ta Tiga, a Ƙaramar Hukumar Bebeji, muna gabatar da kokenmu a kan filayen da ke tsakanin gidajenmu da ruwa. Muna nufin dandalin da ake taro kuma yara ke wasa, da filin Idi, da mashigar da masunta ke ɗaure kwale-kwalensu, da mashayar dabbobi haɗe da burtalin da ke kaiwa gare ta, da hanyar ƙafa da ta bi bakin ruwa ta haɗa su duka. Babu mai riƙe da takarda a kan waɗannan wurare, kowa da kowa ne ke amfani da su, kuma shekara bayan shekara suna ƙanƙancewa suna lalacewa a kan idonmu.

Kamar yadda ka sani, an kammala gina wannan madatsa a kan Kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma da ruwa ya taru sai ya shanye gonaki da gidaje masu yawa, aka tashi iyayenmu suka hauro tudu. Har yau akwai dattawa a cikinmu waɗanda idan ruwa ya ja da rani za su ɗaga sanda su nuna maka daidai inda rijiyar gidansu take a da. Ba don ƙorafi muka tuno da wannan ba, domin ruwan ya zama arziki ga jama'a: da shi ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, yana cikin abin da birnin Kano ke sha, mu ma a cikinsa muke kama tarwaɗa da karfasa. Mun tuno ne saboda lokacin da iyayenmu suka sake zama, da gangan suka bar waɗannan filaye babu gini babu shuka, suka yi iyaka da baki a gaban shaidu, alamarsu kuwa wata tsamiya ce a nan, wani dutse a can. Yawancin shaidun sun riga mu gidan gaskiya, wasu bishiyoyin an sare, duwatsun kuma an ture su gefe. Idan sauran dattawan suka tafi ba a rubuta abin da suka sani ba, nan gaba babu wanda zai iya tsayawa ya ce daga nan filin jama'a ya fara.

Wannan shi ne tushen kokenmu, kuma duk sauran abin da za mu faɗa a kansa ya ratayu. Ba a rana ɗaya ake cinye fili ba. Mai gona a gefen dandali yakan ƙara kunya ɗaya ko biyu da damina, baɗi maƙwabcinsa ya daidaita da shi don kada a bar shi a baya. Wani ya kafa rumfar kara don sayar da shayi, bayan shekara biyu ta koma ta langa-langa, daga nan sai a ga an sauke bulo. Burtalin da a da garke ke wucewa a sake yanzu ya matse har shanu ba sa iya bi sai sun taɓa shuka, kuma daga nan ne yawancin rigimar manoma da makiyaya da ake kai wa Dagaci da Arɗo take tasowa. Ba mu kama sunan kowa a wannan takarda ba, domin masu wannan aiki 'yan'uwanmu ne da surukanmu, kuma a cikin waɗanda suka sa hannu a ƙasa akwai waɗanda suka amsa da bakinsu cewa garmarsu ta shiga inda bai kamata ba, suka ce a shirye suke su ja da baya muddin kowa zai ja.

Ta ɓangaren ruwa kuma, ƙasa ce ke tafiya. Idan madatsar ta cika a ƙarshen damina, wajen Agusta da Satumba, iska tana kora igiyar ruwa ta riƙa dukan gaɓa, kuma duk inda babu saiwar da ta riƙe ƙasa sai ta rufta. Daga sama kuma ruwan da ke zuba daga rufin kwano ba shi da magudana, sai ya bi hanyar ƙafa ya gangara, har ya tsaga kwazazzabo tsakanin dandali da mashiga, inda yanzu tsofaffi da mata masu goyo ke zagayawa da nisa kafin su isa ruwa. Masu ɗiban yashi da masu buga bulo suna ƙara wa abin muni, domin suna haƙa a gindin gaɓa su bar ramuka, da damina su cika su zama tarko ga ƙananan yara. Duk ƙasar da ta zaizaye kuwa cikin madatsar take kwantawa, tana rage ruwan da za ta iya riƙewa. Waɗanda suka ga ɓarkewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988, a wannan ƙaramar hukuma tamu, ba sa ɗaukar maganar ruwa da gaɓa da wasa.

Sai batun tsafta, wanda muke faɗa da nauyin baki amma dole a faɗe shi. Gefen mashiga ya zama juji, ga leda ga robobi ga tarkacen bandar kifi, iska ta kwasa ta watsa a filin Idi, awaki da shanu su haɗiye leda su rame har su mutu. Saboda babu makewayi a kusa, masu zuwa wanki da su da kasuwar kifi suna biyan buƙatarsu a bakin ruwa, kuma ta nan ne tsargiya ke zagayawa a tsakanin 'ya'yanmu: mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin dodon koɗi, daga can ya fito ya huda fatar yaron da ke wanka. Ana ba yara magani su warke, mako kaɗan su koma ruwan su sake ɗauka. Uwar da ta ga jini a fitsarin ɗanta ta san cewa gyaran bakin ruwa ya wuce maganar ado.

Duk da haka muna son adon, ranka ya daɗe, kuma ba ma jin kunyar faɗa. Muna son baƙo ya zo ya tarar da inuwa da dakalin zama, dattijo ya zauna da la'asar yana kallon ruwa, a yi sallar Idi rana ba ta gasa mutane ba. An sha dasa bishiyoyi a nan, amma kusan duk suna mutuwa kafin damina ta zagayo, kuma mun san dalili. Ana dasawa a watse a tafi, bayan kaka a saki dabbobi su cinye kan tsiron, hunturu ya busar da abin da ya rage, zafin Maris da Afrilu ya ƙarasa shi, alhali ga ruwa kwance taku kaɗan babu wanda aka ɗora wa alhakin ɗebowa. Don haka muka yi shawarar cewa kowace bishiya a danƙa ta ga gida guda da sunansa, gidan ya kewaye ta da ƙaya ko kara, ya shayar da ita rani biyu a jere har saiwarta ta kama, kuma a yi dashen a watan Yuli bayan ruwa ya zauna. A dandali muna so a sa darbejiya saboda saurin inuwarta, a gauraya da ceɗiya wadda reshe kawai ake kafawa ya kama, sannan a filin Idi a jera maɗaci da tsamiya, waɗanda jikokinmu ne za su sha inuwarsu. A gaɓa kuma jema muke so a dasa layi-layi, domin saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai tana riƙe ta, tana jure ambaliya da fari, ga shi masu saƙa suna amfana da ita. Malamanmu sun tunatar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da dasa tsiron da ke hannu ko da Alƙiyama na shirin tsayawa, kuma ya sanya ruwa da makiyaya da wuta cikin abin da jama'a ke tarayya a kansa.

Amma babu amfanin dasa bishiya a filin da gobe wani zai ce gonarsa ce. Saboda haka roƙonmu na farko, wanda ya fi kowanne gaggawa, shi ne ka turo wakilinka kafin saukar damina, ya haɗu da Dagaci da masu unguwanni da Liman da Sarkin Ruwa da Sarkin Noma da Arɗo da dattawan da suka ga zaman farko, a taka iyakar da ƙafa a gaban jama'a, a kafa turakun siminti, a rubuta, a ajiye kwafi a fadarka da wurin Dagaci da masallacin Juma'a. Tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallaka a filayen karkara, muna roƙon ka isar da wannan rubutu gare ta don a shigar da filayen a matsayin na jama'a, kada nan gaba a ba wani takarda a kansu bisa rashin sani. Haka kuma muna roƙon ka nema mana Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta turo ma'aikacinta ya nuna mana iyakar da ruwa ke kaiwa idan ya cika maƙil da kuma inda hurumin madatsar ya tsaya, don kada mu yi gini ko dashe inda ba mu da iko. Waɗanda turaku suka faɗa cikin shukarsu muna roƙon a bar su su girbe abin da ke ƙasa, sannan su janye ba tare da tara ko tozarci ba.

Bayan an tsayar da iyaka, muna roƙon ka hana haƙar yashi da ƙasar bulo a gindin gaɓa, a ware wa masu wannan sana'a wani wuri nesa da hanya, domin su ma abinci suke nema. Muna kuma roƙon ka sa baki a taimaka mana da abin da ya fi ƙarfin aljihunmu, wato kwalbati da magudana a kan kwazazzabon, da makewayi na maza da na mata can tudu nesa da ruwa, da duba-gari da zai riƙa leƙo mu. A mashiga muna son a raba wurin jirage da wurin wanki, kuma Sarkin Ruwa ya samu goyon bayanka wajen hana lodi fiye da kima da tilasta sa rigar kariya, domin hatsarin kwale-kwalen da ya ci rayukan ɗaliban Islamiyya a Bagwai a watan Nuwamba na 2021 yana nan a zukatanmu.

Abin da ke wuyanmu kuwa mun ɗauka. Za mu fito aikin gayya kowace Asabar ta ƙarshen wata, daidai da ranar tsaftar muhalli ta jiha, matasa su kwashe shara su cike ramuka, masunta su kula da mashiga, makiyaya su kula da mashaya. Za mu riƙa haɗa taro-sisi don sayen siminti da kwanduna da igiya, a karanta lissafin kuɗin a bainar jama'a bayan sallar Juma'a. Muna roƙon ka naɗa mutane kaɗan da za su riƙe wannan amana su riƙa kai maka rahoto ta hannun Dagaci, kuma a sa mata a cikinsu, domin su ne suka fi kowa zirga-zirga a wannan hanya, su suka san inda ƙafa ke zamewa da inda yaro ke iya faɗawa.

Sa hannunmu da dangwalen yatsunmu suna haɗe da wannan takarda, kuma duk ranar da ka kira mu za mu zo fada tare da dattawan da suka san iyakar.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara, amin.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Dattawa, limamai, manoma, masunta, makiyaya, mata da matasan unguwannin bakin ruwan Tiga.