Rahoton Sakatare kan Ayyukan Ƙungiya na Shekara

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Aikin da ya fi faranta mana rai bana shi ne taron Ranar Ungulu ta Duniya, wadda ke faɗowa a Asabar ta farko ta watan Satumba. Maimakon mu kama ɗakin taro, sai muka kai shi bakin mayanka, inda Sarkin Fawa ya tara mana mahauta da wasu masu maganin gargajiya. Mun bayyana musu cewa tun 2015 ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta sanya ungulun nan tamu ta mayanka cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda gubar da ake zuba wa mushe da kuma cinikin kawunanta domin tsubbu. Abin da ya fi ratsa su shi ne labarin Indiya, inda maganin dabbobi na diclofenac ya hallaka fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulu, mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnuka suka yawaita, har aka haramta bai wa dabbobi shi a 2006. Wani dattijon mahauci ya nuna mana tsamiyar da ke bayan mayanka, ya ce a ƙuruciyarsa ba a ganin rassanta saboda ungulaye, amma yau sai a yi wata guda ko ɗaya ba ta sauka ba.

An gudanar da tarukan wata-wata kamar yadda aka saba.

Game da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta watan Janairu a Dagona, matattarar tsuntsayen ruwa da ke jihar Yobe, wadda wasu ke ta ƙorafin ba a kammala ba, ya kamata a san cewa ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kuma kuɗin da ke asusu bai isa hayar kwalekwale ta kwana biyu ba. Rashin kuɗin ne kuma ya sa ba mu buga takardun faɗakar da masunta kan kai rahoton matattun tsuntsaye ba, alhali murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a jihar Kaduna a 2006, ba ta daina dawowa ba.

Waɗanda suka biya kuɗin shekara ba su kai rabi ba, kuma abin takaici, masu yawan tambayar ina aka kwana a zauren WhatsApp su ne ba sa ɗaga waya idan ma'aji ya kira. Kwamiti ya yanke cewa duk wanda bai biya ba kafin taron Disamba, ba za a sa sunansa cikin masu fita ƙidayar Janairu ba.